Yadda Ake Shawo Kan Yawan Tunani Mai Hana Barci, Mataki-Mataki

Babu tambayar da masu karatu suka fi maimaita mini kamar wannan: mutum ya wuni yana fafutuka, jikinsa ya gaji liƙis, amma da zarar ya kai haƙarƙarinsa ƙasa sai zuciya ta buɗe kasuwa, ta ɗauko kuɗin haya, ta ɗauko maganar da wani ya yaɓa masa tun makon jiya, ta ɗauko ciwon da bai ma zo ba, yana saƙawa yana warwarewa har a yi kiran assalatu. Mafi yawan masu tambayar an riga an ba su shawarar da kowa ke bayarwa, wato su cire abin a ransu, sun kuma gwada sun ga ba ta yi aiki ba. Ba laifinsu ba ne. Tun a 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Daniel Wegner ya nuna cewa idan aka hana mutum tuna wani abu, abin ya fi naci wajen dawo masa. Saboda haka wannan jagora ba ta koyar da korar tunani. Abin da take koyarwa shi ne a canza wa tunani lokaci da wurin zama, a ba shi rabonsa da rana, a ƙwace shimfiɗa daga hannunsa.

Matakan da ke tafe an ɗauko su daga hanyar gyaran tunani da ɗabi'un barci da likitoci ke taƙaita sunanta da CBT-I, wadda Kwalejin Likitocin Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa ita za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen rashin barci kafin a kai ga ƙwayoyi. Zan yi magana da "ka", amma mace da namiji duk abin ya shafa.

Kayan aiki da abin da zai ci

Ana buƙatar ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da biro, da agogo mai ƙararrawa ko ƙaramar waya marar intanet, da fitila marar haske sosai, da tabarma ko kujera da ba a kanta kake barci ba. Wanda hannunsa bai faɗa da boko ba ya rubuta da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya da rana. Kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba. Ainihin tsadar aikin tana cikin lokaci da haƙuri: yana ɗaukar mako 6 zuwa 8, kuma a makonni biyun farko sau da yawa gajiya ƙaruwa take yi kafin sauƙi ya bayyana, a nan ne kuma mutane da dama ke ajiye aikin alhali sun kusa ganin amfaninsa.

Mataki na 1: Ka tabbatar ba asibiti ya kamata ka fara zuwa ba

Akwai cututtukan jiki da ke shigowa da kamannin fargaba da rashin barci. Idan zuciyarka na bugawa da sauri ko kana zaune, hannunka na rawa, kana ramewa alhali kana cin abinci, kana yawan zufa, a duba maka maƙogwaro, domin ƙullin da ke wajen yakan yi aiki fiye da kima ya haifar da duk waɗannan. Idan wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ya ce kana minshari mai ƙarfi har numfashinka kan tsaya ka farka a shaƙe, wannan ciwo ne daban da ke da nasa magani. Yawan tashi fitsari cikin dare na iya zama alamar ciwon suga, kuma ƙwannafi da ciwon gaɓoɓi su ma suna hana barci. Mace mai jego da ta ga ƙunci da kuka sun ƙi barinta bayan mako biyu da haihuwa, ita ma likita za ta fara gani.

Gargaɗi: idan tunanin ya kai ga kana jin gara ka mutu ka huta, ko kana tunanin illata kanka, ko ka kwana biyu ko uku ba ka runtsa ba amma kana jin ƙarfi da surutu fiye da yadda ka saba, ko kana jin muryoyin da wasu ba sa ji, kada ka tsaya bin wannan jagora. Ka faɗa wa wani na jikinka a ranar, ya raka ka asibiti.

Mataki na 2: Ka rubuta yadda barcinka yake na mako biyu

Kowace safiya, cikin minti biyu, ka rubuta abubuwa biyar: lokacin da ka kwanta, kimanin tsawon lokacin da ka ɗauka kafin barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka da tsawon farkawar, lokacin da ka tashi gaba ɗaya, da abin da ka sha ko ka ci jiya na dangin shayi, goro, Nescafé, lemon kwalba da abubuwan sha masu ƙara kuzari. Idan ka yi barcin rana ko ka koma bayan sallar asuba, shi ma ka saka.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne duba agogo cikin dare don a samu lissafi daidai. Kada ka yi haka, ƙiyasi ya wadatar. Duba agogo da ƙarfe biyun dare ba abin da yake haifarwa sai lissafin saura awa nawa gari ya waye, wannan lissafin kuwa shi kansa fargaba ce sabuwa. Ka juya fuskar agogon ta kalli bango.

Mataki na 3: Ka yanka wa tunani lokacinsa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi zan fi daɗewa a kai. Dalilin da ya sa tunani ke taso maka da dare shi ne da rana ba ya samun ka. Kana shago, kana ofis, kana fama da yara, sai ya jira lokacin da gida ya yi tsit. Maganinsa shi ne ka ba shi lokacin ganawa, kamar yadda ake sa wa mai bin bashi rana don ya daina sallama da tsakar dare.

Ka zaɓi minti 15 zuwa 20 a kullum, a lokaci guda da wuri guda. Bayan sallar la'asar ya fi dacewa da yawancin mutane, domin aikin yini ya lafa kuma da sauran nisa kafin kwanciya. Kada ya zama a kan gado, kada kuma ya matso kusa da lokacin barci. A bar tazarar aƙalla awa uku. Ka zauna da littafinka, ka sa ƙararrawa, ka rubuta duk abin da ke cin ranka, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a layinsa. Ka rubuta shi a fili yadda yake, ba a dunƙule ba. "Rayuwata ta lalace" ba abin da za a iya yi da shi, amma "kuɗin makarantar yara biyu zai cika nan da mako uku, abin da ke hannuna bai kai rabi ba" magana ce da hannu zai iya kamawa. Da ƙararrawa ta kaɗa, ka rufe littafin ko da ba ka gama ba, ka tashi ka kama wani aiki da zai motsa jikinka.

Sai kuma rabi na biyu na wannan mataki, wanda ya fi na farko wuya. Duk lokacin da damuwa ta faɗo maka a wajen wannan lokaci, da hantsi ne ko da tsakar dare, kada ka bi ta kuma kada ka yi kokawa da ita. Ka rubuta kalma biyu ko uku da za su tuna maka da ita, ka ce a ranka, "Na gan ki, sai la'asar," sannan ka mayar da hankalinka kan abin da ke gabanka: abin da hannunka ke taɓawa, sautin da kunnenka ke ji, aikin da ka fara. Za ta dawo bayan minti biyu, ka sake yi mata haka. A ranakun farko za ka iya maimaitawa sau ashirin ko fiye, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce, maimaitawar ita ce horon. Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi shi ne yadda wasu damuwoyin da suka zo da ƙarfinsu da safe suke zama ba su da nauyi idan la'asar ta yi. Ganin haka da idonka, a rubuce, ya fi duk wani lallashi tasiri.

Gargaɗi: wanda ya tsallake zaman la'asar ya ci gaba da cewa "sai anjima" ya karya alƙawari, zuciya kuwa tana gane hakan, sai ta daina yarda ta jira. Haka nan wanda tunaninsa ya samo asali daga mummunan abin da ya gani da idonsa, kamar hari, garkuwa da mutane ko haɗarin mota, kuma yana mafarkinsa yana firgita, kada ya zauna shi kaɗai yana tono abin a takarda. Wannan aiki ne da ake yi tare da ƙwararre.

Mataki na 4: Ka raba damuwa gida biyu

Bayan kwana uku ko huɗu kana rubutu, ka ja layi a tsakiyar shafi. Kowace damuwa ka yi mata tambaya guda: akwai abin da zan iya yi a kanta cikin wannan mako? Idan akwai, ka rubuta ƙaramin mataki na farko kawai, da ranar da za ka ɗauke shi. Ba a neman mafita gaba ɗaya, ana neman abin da ƙafa za ta fara takawa: zan je wajen shugaban makaranta ranar Talata in roƙi a raba mini biyan kashi biyu, zan kira yayana in gaya masa halin da ake ciki, zan je a auna mini jini maimakon in ci gaba da zargin ciwo.

Gida na biyu shi ne na abubuwan da ba su da mataki. Wasu sun riga sun wuce, su ne masu farawa da "da na sani" da "me ya sa na". Wasu ba su zo ba, su ne masu farawa da "to idan kuma". Waɗannan ka yi musu tambayoyi uku a rubuce: mene ne shaidar cewa abin zai faru, sau nawa na yi irin wannan zullumi a baya abin bai faru ba, kuma idan ya faru, da me da wa zan fuskance shi? Daga nan ka bar shi. Ga musulmi, a nan tawakkali yake da gurbi na gaskiya, bayan an yi abin da ke hannu, kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki. Sai dai ina roƙon kada wanda ke fama da wannan hali ya ɗauka raunin imani ne ya jawo masa, domin wannan zargi ƙarin kaya ne a kan wanda ya riga ya yi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, ciwo ne kamar sauran cututtuka.

Kuskuren da ke ɓoye a nan shi ne yawan neman tabbaci: tambayar mutane biyar magana ɗaya, ko binciken alamomin cuta a intanet har dare ya raba. Yana sanyaya rai na ɗan lokaci, gobe kuma ƙishin ya dawo ya fi na jiya. Ka tambayi mutum ɗaya da ya san abin, sau ɗaya.

Mataki na 5: Ka tsayar da lokacin tashi

Ba ka da iko a kan lokacin da barci zai zo, amma kana da iko a kan lokacin tashi, kuma shi ne ke saita agogon jiki. Ka zaɓi lokaci ɗaya ka riƙe shi kwana bakwai na mako, ko da daren jiya awa uku ka samu. Mai tashi sallar asuba ya riga ya samu turke. Abin da zai kiyaye shi ne doguwar komawa bayan salla, wadda ke cinye barcin daren gobe. Idan dole sai ka koma, ka sa mata iyaka tabbatacciya. Da rana ta fito ka fita ka sha haskenta na kimanin minti 20, ka kuma samu tafiyar ƙafa ta rabin awa a yini. Ƙailula ba laifi idan ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba kuma an yi ta kafin la'asar.

Gargaɗi: sinadarin kafin da ke cikin shayi, ataya, goro, Nescafé da Coca-Cola yana daɗewa a jiki, bayan kimanin awa biyar rabinsa kawai ya fita. Ke nan wanda ya zauna teburin mai shayi bayan isha ya kwanta da mafi yawansa a jininsa. Ka daina shan waɗannan daga azahar. Wanda ya saba da su sosai ya rage a hankali cikin mako guda, domin yankewa lokaci ɗaya na sa ciwon kai. Sigari da shisha su ma suna tayar da jijiyoyi, ba kwantar da su suke yi ba.

Mataki na 6: Awa ɗaya kafin kwanciya

Ka ajiye babbar waya a wajen da hannunka ba zai kai ba daga shimfiɗa, ka bar ta tana caji a can. Matsalarta ba haske kaɗai ba ne. Labarin hari a Facebook, gardama a WhatsApp da bidiyon TikTok marasa ƙarshe duk itace ne ake tura wa wutar da kake son ta mutu. Maganar kuɗi ko saɓani tsakanin miji da mata a ɗaga ta zuwa safe, bisa yarjejeniya tun da rana.

Sannan ka ɗauki minti biyar ka rubuta ayyukan gobe dalla-dalla. A wani bincike da aka wallafa a 2018 daga Jami'ar Baylor ta Amurka, waɗanda suka rubuta abin da za su yi a kwanaki masu zuwa sun riga waɗanda suka rubuta abin da suka riga suka gama yin barci da kimanin minti tara. Wannan jeri na ayyuka ne kawai, ba zaman tunani na biyu ba. Bayansa ka watsa ruwa idan ana zafi, ka saki gidan sauro, ka rage haske, ka yi alwala da azkar ɗinka ko addu'ar da ka saba. Ka ƙare da numfashi: ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida, na tsawon minti biyar, cikinka ne zai riƙa ɗagawa ba ƙirji ba. Idan ka ji jiri ka sassauta, alama ce kana ja da ƙarfi.

Mataki na 7: Idan ka kwanta barci ya ƙi zuwa

Kada ka hau gado sai ka ji barci na gaske, irin wanda ido ke nauyi ana gyangyaɗi, ba gajiyar jiki kawai ba. Idan ka kwanta ka ji kamar an yi minti 20 kana juyi, ka sauka. Ka koma tabarmarka ko kujerarka da fitila marar ƙarfi, ka yi wani abu mai sanyi kamar jan carbi, karatun da ba ya tayar da hankali ko sauraren ƙira'a da ƙaramin sauti. Sai barci ya dawo ka koma. Idan ya sake gudu ka sake sauka, ko sau nawa ne a dare ɗaya.

Dalili shi ne wanda ya yi watanni yana saƙar zuci a kan gado, jikinsa ya haɗa gado da fargaba, shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a falo amma yana shiga ɗaki idonsa ya bushe. Saukar nan ita ke raba su. Mai ɗaki ɗaya da iyali ba sai ya fita waje ba, ya isa ya sauka ya jingina da bango a wani ɓangare na ɗakin.

Gargaɗi: tsoho ko mai jiri ya zauna a bakin gado tukuna kafin ya miƙe, kuma a kawar da kaya daga hanya saboda faɗuwa cikin duhu. Kada a ɗauki waya a wannan zama, kada kuma a yi barci a kan kujerar.

Mataki na 8: Ka daidaita tsawon kwanciya da tsawon barci

Yanzu ka koma ga bayanan mataki na 2. A ce kana kwanciya ƙarfe 9:30 kana tashi 5:30, awa takwas ke nan, amma barcin da kake samu a ciki awa shida ne. Wato kashi 75 cikin 100 na kwanciyarka ne barci, sauran awa biyun kuwa fili ne da ka bar wa tunani. Mai rashin barci yakan ƙara kwanciya da wuri don ya rama, hakan kuwa faɗaɗa filin yake yi. Abin yi shi ne akasin haka: ka mayar da kwanciyarka ƙarfe 11:30, tashi yana nan a 5:30. Bayan mako guda ka sake lissafi. Idan barci ya kai kashi 85 cikin 100 na lokacin kwanciya ko ya wuce, ka matso da kwanciyar da minti 15, ka ci gaba da haka mako-mako har ka ga kana wuni ba tare da barci na fizgarka ba. Yawancin manya suna buƙatar awa bakwai ko fiye.

Gargaɗi: kada lokacin kwanciya ya gaza awa shida idan kai kaɗai kake yi. Mai farfaɗiya, mai ciwon da ke sa hali ya riƙa hawa da sauka sosai, mace mai ciki, direban mota ko mai tuƙa babur da Keke Napep, da mai aiki da injin yanka, kada su yi wannan mataki sai da likita. Kada kuma a fara shi a watan azumi, lokacin da sahur da tahajjud suka riga suka canza tsarin dare.

Mataki na 9: Maganar ƙwayoyi da ganin likita

Da yawa daga masu tambaya sun riga sun je kemis an ba su Valium ko Lexotan ba tare da takardar likita ba. Waɗannan ƙwayoyi suna sa barci a daren farko, amma cikin 'yan makonni jiki yake sabawa da su ya nemi ƙari. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage masa a hankali. Tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da shi a 2018, ba maganin damuwa ba ne ko kaɗan.

Idan ka bi matakan nan mako shida ba ka ga sauƙi ba, ko rashin barcin ya kai dare uku a mako har wata uku, ko fargabar ta wuce wata shida tana hana ka aiki da mu'amala, ka nemi ƙwararre. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen wannan fanni. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ka tafi da littafinka, domin bayanan mako shida da ke ciki za su taƙaita wa likita tambayoyi masu yawa. Ka faɗa masa duk abin da kake sha, na kemis da na gargajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka kuma tambaya ko akwai mai yin CBT-I ko zaman gyaran tunani a asibitin.

Wanda ya samu sauƙi kuwa ya ajiye littafin a kusa. Ranar da rasuwa, ko bashi, ko jarrabawa ta dawo da juyin dare har kwana uku a jere, ya koma mataki na 3 da na 7 a ranar ta huɗu, ya riƙe lokacin tashinsa, kada ya jira abin ya yi wata.